Ƙorafi Kan Farar Bas Ɗin da Za Ta Kai Mu Shinkafi

Armiya'u Abdulhamid Banga,
Babban Ma'aikacin Fasaha, Sashen Kwamfuta,
Jami'ar Gulbin Gagare, Ƙaura Namoda.
Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Magatakardan Jami'a,
Ta hannun Daraktan Horar da Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARIN TAFIYA SHINKAFI DOMIN JARRABAWAR SHAIDAR ƘWAREWA

Bayan gaisuwar ban girma, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin kaina da abokan aikina na sashen kwamfuta da na ofisoshin mulki, waɗanda aka umarta su zauna jarrabawar shaidar ƙwarewa a reshen jami'a na Shinkafi ranar Talata, 11 ga wannan wata. Mun karɓi horon share fagen jarrabawar da hannu bibbiyu. Mun kuma fahimci cewa duk wanda shekara ta ƙare bai da shaidar, ya rabu da aikinsa. Jarrabawar ba ta ba mu tsoro. Hanyar ce ke hana mu barci.

1. Duk mai bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ya san Alhamis ake tafiya, ranar kasuwa, a shiga ayarin motocin fatake. Talata kuwa, in ka wuce Badarawa sai ka yi ta tafiya ba ka gamu da ko mai babur ba. Na yi wa Darakta wannan bayani baki da baki. Ya ce hukumar da ke ba da shaidar ce ta sa ranar, shi ba ya da ikon taɓa ta.

2. A ƙasarmu yanzu mutum ba ya faɗa wa ko maƙwabcinsa ranar tafiyarsa, sai ya sauka lafiya ya bugo waya. Amma tun 20 ga Oktoba aka ɗora sanarwa a shafin jami'a na intanet, aka kuma manna ta a bakin babbar ƙofa: ga rana, ga lokacin tashi, ga hoton farar bas ɗin da lambarta ɓaro-ɓaro. Na roƙi a cire, aka ce ana so duniya ta ga ci gaban jami'a. Duniya ta gani, ranka ya daɗe, har da wadda ke cikin daji.

3. An raba mana fararen riguna da huluna masu tambarin jami'a, an ce kowa ya rataya katin shaidarsa a wuya tun daga tashi saboda ɗaukar hoto. Mu da muka saba da hanyar, a cikin safa muke ɓoye katin, mu sa tsofaffin kaya kamar masu zuwa gona, domin 'yan bindiga ba sa riƙe manomi yadda suke riƙe ma'aikacin gwamnati. Gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba a aika masa goron gayyata.

4. Ranar Juma'a, 31 ga Oktoba, wata baƙuwar lamba ta kira Malam Dogo, direban bas ɗin. Mai kiran ya ambaci sunansa, ya gaishe shi cikin ladabi, ya tambaya ko tafiyar Talata tana nan, da kuma ko akwai mata a ciki. Da Dogo ya tambaye shi ko wane ne, sai mai kiran ya kashe wayar. Mun kai rahoto ofishin tsaro, aka ce wataƙila ɗan'uwan wani ne. Na bi abokan tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san lambar. Akwai mata a cikinmu, ɗaya ma da goyo. Wallahi tun ranar ban ci abinci na ji daɗinsa ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinka mai albarka da ya taimaka:

(a) a nemi hukumar ta turo masu jarrabawar nan Ƙaura, domin ɗakin kwamfutarmu zai ɗauke mu duka;

(b) in hakan ya faskara, a mayar da tafiyar wata Alhamis, a bar bas da riguna a gida, kowa ya shiga motar haya shi kaɗai, kuma kada a sake bayyana ranar;

(c) kada a sallami wanda ya ƙi shiga wannan mota.

In ba a sauya komai ba, zan shiga, domin iyalina ba su da wani abin dogaro sai wannan aiki. Dogo ma zai tuƙa. Shi bai iya rubuta ƙorafi ba, sai ya fara bin ofisoshi yana neman yafiya, kamar yadda mai niyyar Makka ke yi. Yau da safe ya zo nawa, na yafe masa, shi ma ya yafe mini. Ya ce gobe in Allah ya kai mu zai zo naka.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon dubawa da idon rahama.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Armiya'u Abdulhamid Banga