Bagi Ba Ƙofa

Asabar, 2 ga Disamba

Fanbel ɗin bagin, 'yar motar da muke kai wa raƙuma abinci da ita, ya sake tsinkewa a tsakiyar yashi. Dole muka sauke buhunan sha'ir muka ɗauko a kafaɗa, ni da ƙanena Mish'al, raƙuma na biye da mu suna cusa baki. Tun daga can har tanti ina ɗura wa wanda ya ƙera ta ashar. Mish'al sai dariya yake, wai Yaya ka huta, ai mutumin ba ya jin Larabci.

Duk da haka, in ba ita ba mu biyu ba za mu iya da garken nan ba. 'Yar abu, kujera biyu a jere da akwatin kaya a baya, amma tana haye tudun da a-kori-kura ke kafewa.

Litinin, 4 ga Disamba

Bahjat, Bamisiren da ya sayar mana da ita a Ha'il, ya kawo sabon fanbel da kansa. Ya zauna ya sha gahawa, ya cinye rabin dabinon da Wadha matata ta ajiye, sannan ya ce wai kamfani na son jin bakin masu bagi, me za a gyara a sababbin da za su fito. Na ce madalla, yau ka kawo kanka.

Na ce masa injin da ke ƙarƙashin kujera gasa mutum yake da rani. Yashi na shiga ko'ina, har cikin haƙoranka. Ribas ɗinta kuma sai ka ce tsohuwa na ja da baya. Sai bel ɗin kujera, wannan iskancin da in ba ka maƙala shi ba ba ta wuce saurin jaki. Na nuna masa yadda muke maƙala shi ta baya mu zauna a kai. Ya dafe kai ya ce shi bai ga komai ba.

Mish'al ya ce shi bamba mai ƙarfi yake so, da hon mai ƙara. Hon ɗin nan dai raƙumanmu sun haddace shi, ka danna sau ɗaya ka gan su suna ɓullowa daga bayan tuddai a guje, sun san abinci ya iso. Marigayi Baba sai muryarsa ta dishe kafin ya tara su.

Bahjat ya ce ƙofa fa? Wai a wasu ƙasashen ita aka fi roƙo, da gilashi da na'urar sanyi. Muka kwashe da dariya. Mutumin da ke wuni yana hawa yana sauka, me zai yi da ƙofa? Na ce ya kai wa matan birni.

Alhamis, 7 ga Disamba

Sayyaf, amalenmu, ya fara haukan barbara. Kumfa a baki, cizon haƙora, yana fitar da jar tsokar nan gefen baki yana gurnani. Amalen da Baba ya raina da hannunsa, babu irinsa daga nan har garin Jubba. Taguwoyi duk suna jiransa. Allah ya sa a dace bana.

Lahadi, 10 ga Disamba

Raina a ɓace yake.

Amalen Mutlaƙ maƙwabcinmu ya kwance ya shigo mana garke da hantsi. Kafin mu ankara sun haɗu da Sayyaf. Wuya ya sarƙe da wuya, kowa na neman ƙafar ɗan'uwansa ya karya, jini da kumfa har a fuskata. Sanda ba ta yi musu komai ba, ta karye a hannuna. Mish'al ya haye bagi ya taho a guje ya banke Sayyaf a haƙarƙari. Suka rabu, na Mutlaƙ ya arce.

To shi ke nan ai. Amma Mish'al ya ja baya ya sake bankarsa, ya kuma sakewa, dabba na tsaye ba ya faɗa da kowa. Sayyaf ya durƙushe, ya miƙe, bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallonsa kawai.

Na finciko Mish'al daga kujera na ci kwalarsa. Ya ce da ya bar su da ɗaya ya mutu. Na ce na farko na ji, sauran na uban wa? Na wanke shi da mari. Mutum mai 'ya'ya uku. Bai rama ba, ya ɗauki rawaninsa a ƙasa ya kakkaɓe. Wadha ta ce ni da amalen ba ta san wanda ya fi wani hauka ba.

Talata, 12 ga Disamba

In Mish'al na wurin, Sayyaf ba ya cin abinci. Duk inda ya juya idon na kansa.

Juma'a, 15 ga Disamba

Bayan masallaci Baffa Fhaid, ƙanen Baba, ya ja ni gefe. Labari ya kai masa. Ya ce amale ya ƙullaci ɗan'uwanka, ko ka sayar ko ka soke, kuma kada a kwana biyu. Na ce Baffa, ko taguwa ɗaya bai hau ba tukuna, in na rabu da shi yanzu shekarar ta tafi a banza. Kuma na Baba ne. Ya ce Mish'al ma ai na Babanku ne.

Da ya ga ba zan sauko ba, ya ce to a yi irin ta mutanen da: a cusa ciyawa a tufafin Mish'al masu warin jikinsa, a jefa wa amalen ya huce a kansu, ya ɗauka ya kashe shi. Amma da sharaɗi, kada ya ƙara sa Mish'al a ido sai sanyi ya wuce, hankalinsa ya dawo. In ya gane an yaudare shi, ya ce, gara ma ba a yi ba.

Lahadi, 17 ga Disamba

Mun yi. Doguwar rigarsa da bargon fatar tunkiyar da yake yafawa, na cika su da ciyawa na wurga wa Sayyaf daga bayan a-kori-kura.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Ya cafke da baki ya yi sama da shi ya fyaɗa da ƙasa, ya tattake, ya durƙusa a kai da ƙirjinsa yana murzawa yana wani irin ruri. Sai da bargon ya zama tsumma, ya yi fitsari a kai, sannan ya tashi ya nufi kwamin abinci ya ci kamar ba shi ba.

Mish'al na kwance a kujerar baya yana leƙe ta ƙasan gilashi. A hanya ya ce, "Yaya, ni ne fa wancan." Na ce ai ka mutu ka huta, sai ka tafi gari ka ci kabsa, shinkafa da nama. Bai yi dariya ba.

Laraba, 20 ga Disamba

Ni kaɗai ke ɗora buhu, ni kaɗai ke saukewa. Bayana kamar zai tsinke. Sayyaf lafiya lau, ya fara hawa, har ya yarda na shafa wuyansa.

Asabar, 23 ga Disamba

Yau da ƙyar na yi ruku'u. Na kira Mish'al na ce ya zo gobe ya kai abinci, ni in ji da tankin ruwa. Wadha ta ce Baffa fa ya ce sai sanyi ya wuce. Na ce Baffa ya tsufa, dabba ce ba alƙali ba, ta manta. Zan ɗaure wa Sayyaf ƙafar gaba, Mish'al kuma ya sa sababbin kaya.

Shi dai cewa ya yi, "In ka ce haka, Yaya."

Litinin, 25 ga Disamba

A asibiti nake.

Jiya da safe ina bayan tudu wajen tanki na ji hon. Ba dannawa ɗaya ba, an kwanta a kai ne. Na tada a-kori-kura na hau tudun, daga sama na ga komai.

Sayyaf ya tsinke dabaibayin. Bagin na fuskantar kwami, cike da buhuna, Mish'al na ja da baya da wannan mataccen ribas ɗin. Don in ji ya danna hon, na kuwa ji. Amma garken ma ya ji. Suka taho a guje daga ko'ina, manya da 'ya'yansu, suka kewaye shi gaba da baya, wuyoyi cikin akwatin kaya suna yagar buhu. Ko taku ɗaya ba inda za ta motsa. Shi kuma bai daina dannawa ba, su kuma ba su daina zuwa ba. Mu muka koya musu.

Sayyaf ya ratsa su ta hagu. Ya zura kai ta inda babu komai, ya kama hannun Mish'al daga sama da gwiwar hannu, ya zaro shi daga kujera. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake, wallahi na ji. Ya girgiza shi a sama, ya maka shi da ƙasa, ya soma lanƙwasa gwiwoyi zai kwanta a kansa.

Na taka totur na shiga cikin garken. Na karya wa wata taguwa ƙafa, ban ma san wacce ba sai daga baya. Na daki Sayyaf a cinya ya kife gefe. Na ja Mish'al ta ƙafa na cusa shi a mota, na ɗaure hannun da baƙar igiyar rawanina, na ja da haƙori. Hannun fata ce kawai ke riƙe da shi.

A hanya idonsa biyu. Abin da yake ta maimaitawa, wai ya bar bagin a kunne, mai zai ƙare.

Laraba, 27 ga Disamba

Sun yanke. Daga ƙasan kafaɗa kaɗan.

Alhamis, 28 ga Disamba

Mutlaƙ da mutanensa sun ɗaure min Sayyaf ƙafa huɗu, taguwar kuma sun soke ta tun ranar. Wadha ta tare ni a ƙofar tanti ta ce me yake yi da rai har yanzu? Na ɗauki bindigar Baba na je. Na tsaya a gabansa, yana tuƙa, cinyar ta kumbura. Ina saita shi sai na ji zuciyata na lissafa taguwoyin da bai hau ba. Ɗan'uwana na kwance ba hannu, ni ga abin da ke kaina. Tir da ni.

Na dawo da harsashina. Wadha ba ta kawo gahawa ba, ni ma ban tambaya ba.

Talata, 9 ga Janairu

An sallami Mish'al. Ya rame, hannun rigar an naɗe an maƙale da allura. Matarsa ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Da mutane suka ragu ya tambaye ni ko Sayyaf yana nan. Na ce yana nan, gobe zan gama da shi. Ya ce kada in taɓa, nasa ne.

Juma'a, 12 ga Janairu

Baffa ya so ya hana, ya ce jikinka bai yi ƙwari ba. Mish'al ya ce a ba shi wuƙar.

Ni na riƙe akala na karkato kan zuwa gefe, maza na danne da igiyoyi. Da Sayyaf ya shaƙi warinsa ya yi wata zabura, saura kaɗan ya ɗaga mu duka. Mish'al ya yi bismilla ya soka a gindin wuya, amma jikinsa ya rinjaya ta ɓangaren da babu hannu, wuƙar ta goce. Ya faɗi a gwiwa cikin jini. Na ce kawo. Ya ce, "Riƙe abin da aka ba ka, Yaya." Ya tashi ya sake, wannan karon ta shiga har ƙota. Jinin ya yi tsiri ya wanke mu mu biyu. Kan ya yi ta nauyi a hannuna har ya kwanta, idon a buɗe.

An raba naman har Jubba. A tantinmu ba wanda ya ɗora tukunya. Na je bayan tanki na yi kuka, ban san ko na wanne nake yi ba.

Litinin, 15 ga Janairu

Bahjat ya bugo ya yi jaje, yana ta kame-kame. Na ce maganar kamfaninku tana nan? Ya ce tana nan. Na ce ka gaya musu ƙofa, ta ƙarfe, har kafaɗa. Ribas mai gudu. Hon iri biyu, na kiran dabba daban, na neman ceto daban. Da wani ɗan mariƙi a sitiyari da mai hannu ɗaya zai iya juyawa. Ya ce na ƙarshen ba sai an jira kamfani ba, akwai a shago. Na ce to me kake jira?

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Mish'al ya koma tuƙi tun makon jiya. Maƙerin Jubba ya yi mana waldar ƙofofi, munana, suna ƙara kamar gwangwani. Ni ina kujerar dama. In ya tsaya ni ke sa masa giya, ko da yake zai iya da kansa, na sani, shi ma ya sani. Wadha ta ce yaushe na zama ɗan rakiya, na ce buhunan ne suka yi masa nauyi.

Har yau bai ce min komai ba a kan ranar da na kira shi. Da ma zagina ya yi.

Yau muna gangarowa iska ta kwance masa rawani, ya ce in riƙe masa sitiyari. Na riƙe. Ya gyara a hankali da hannu da haƙori, ya gama, ya mayar da hannunsa. Ni ban cire nawa ba. Muka yi 'yar tafiya a haka.

Ya ce, "Yaya, saki mana. Za ka kai mu rami."

Na saki.