Makullan Gwaggo Zlatka

Talata, 9 ga Oktoba
Dutse ya zaftaro ya toshe hanya a gangaren ƙauyen Kosten Dol. Mako bakwai ina tafe daga Valencia, na ratsa Faransa da Italiya da Girka lafiya lau, sai da na shigo ƙasarmu Bulgeriya hanya ta ƙi ni. Wata tsohuwa, Gwaggo Zlatka, ta ba ni ɗakin sama. Ta kalli lambar motata ta ce, "Ke ma kina cikin waɗanda suka gudu ne?" Na ce sunana Nevena, shekara goma sha tara ina jinyar tsofaffi a Sifen, yanzu zan koma wajen 'yata a Burgas. Ta ce, "To ni ba a jinyata. Zauna ki ci wake."

Laraba, 10 ga Oktoba
Mutum tara suka rage a ƙauyen. Amma da hantsi na ga tagogi a buɗe a gidan da aka ce ba kowa, har da bargo a shanye. Wa ya shanya?

Juma'a, 12 ga Oktoba
Na bi sawun Gwaggo Zlatka. Ashe ita ce! Makullai talatin da ɗaya a igiya guda, cikin aljihun siket. Duk wanda zai tafi Jamus ko Ingila ita yake bar wa nasa. Kullum gida biyu take shiga: ta buɗe tagogi, ta hura murhu don danshi ya fita, ta hau ta duba rufi, ta zagi ɓeraye.
Na ce, "Gwaggo, masu gidajen suna kiran ki kuwa?"
"Wasu. Wasu ma sun mutu."
"To don me kike wahala?"
"Kai, yarinyar nan da tambaya! Riƙe min tsani."
Shekarata hamsin da takwas. Yarinya.

Asabar, 13 ga Oktoba
Gidan malamin makaranta. Kalandar 1997 a bango, agogo kuma yana tafiya daidai, ita ke murɗa masa makullinsa. Rufin ɗakin girki yana yoyo. Da ta juya baya na ja aljihun tebur: haƙoran yara uku a kwalin ashana. Na wa? Ban ji kunya ba, so nake in ga sauran gidajen.

Litinin, 15 ga Oktoba
Kawu Manol mai tumaki ya kawo cuku. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya: "Ina ministar kufai?" Ta ce, "Tana nan, uban wari. Ka tsaya a waje." Shekara saba'in suna haka, in ji shi.
Da rana ɗanta Stoyko ya kira daga Plovdiv, wai zai ɗauke ta kafin ƙanƙara ta sauka. Abin da na ji ta ce kawai: "Bene na shida? Ni tattabara ce?"

Alhamis, 18 ga Oktoba
Ta faɗo daga tsani. Ni ce ban riƙe ba, ina can ina leƙen wani akwati. Ƙugu ya karye. Ni da Manol muka cire ƙofa muka ɗauke ta a kai har hanyar daji, inda motar asibiti ta iya zuwa. Tana gumi tana cije leɓe, ta ce, "Kun bar taga a buɗe, sakarkaru."
Na koma na rufe. 

Asabar, 20 ga Oktoba
An buɗe hanya.

Lahadi, 21 ga Oktoba
Stoyko ya zo kwasar kayanta. An yi mata aiki lafiya, amma likita ya ce sai bazara za ta taka sosai. Na gaya masa laifina ne. Ya ce, "Haba Anti, shekara goma muna jiran faɗuwar nan." Ya miƙa wa Manol makullan, shi kuwa ya ɓoye hannu a baya: "Ni tumaki sun ishe ni." Aka bar su a kan tebur.
'Yata Radka ta kira. "Mama, me kuma kike jira?" Na ce birki nake so a duba.

Talata, 23 ga Oktoba
Ruwa tun safe. Na ɗauki makullan na je gidan malami in tara roba a wurin yoyon, shi ke nan abin da ya kai ni. Da yake ina wajen, na murɗa wa agogon makullinsa. Gidan da ke kusa kuma ban taɓa shiga ba, to, shi ma na buɗe.
Mai motar kayan masarufi ya zo, na sayi takalman roba masu gashi a ciki. A Burgas ma ai ana sanyi.
Na ce wa Manol ya kawo itacen wuta. Ya ce, "Na kwana nawa, ƙanwata?"
Na ce, "Kai dai kawo."
Har ya sha kwana ina jin dariyarsa.