Rasuwar Dakta Ya'ƙub Maikano da Batun Takardunsa

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Abbasiya da Darrasa ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma tsohon shugabanta, Alhaji Dakta Ya'ƙub Maikano, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidansa da ke unguwar Abbasiya a birnin Alƙahira, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin masanin lissafin sararin samaniya ne. Tun farkon shekarun 1990 yake bin diddigin matsala guda: idan kumbo ya gifta daf da duniyarmu don ƙarfin janta ya ƙara masa gudu, wani lokaci yakan fita da saurin da ya ɗan saɓa wa lissafin masana. Da yawanmu ba mu fahimci aikin ba, amma mun shaida yadda yake bayyana shi da lemo da dabino a kan faranti, da yadda ɗalibanmu suka ci jarrabawar lissafi saboda darasin da yake ba su a falonsa kyauta.

Wajibi ne mu sanar da jama'a wani abu da ya dame mu. Marigayin ba ya fara shafi sai da Bismillah. Saboda haka ranar sadakar uku dattawa suka ga ya dace a ƙona takardunsa, kada sunan Allah ya faɗa shara. Wani mutum da ya ce tsohon ɗalibinsa ne ya ɗauki nauyin hakan, ya zuba su a tasi ya tafi. Mun tambayi duk waɗanda suka zauna zaman makoki, kowa ya ɗauka baƙon wani ne. Sai daga baya uwargidansa, Hajiya Juwairiyya, ta shaida mana cewa aikin da yake shirin bugawa yana ciki.

Mai yiwuwa mutumin kirki ne, mu ne muka munana masa zato. Allah Ya yafe mana. Amma duk wanda ya ga aikin nan ya fito da sunan wani, ya sanar da mu. Idan kuwa an ƙona su da gaske, wanda ya ga wutar ya zo ya faɗa wa Hajiya, ta daina jira.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba Hajiya da 'yarsu Husaina haƙuri.

Muhammadu Nata'ala
Sakataren Watsa Labarai
Alƙahira, Maris 2006