Ƙwai Goma a Hawa na Bakwai

Talata, 14 ga Oktoba

An ɗauke wuta tun ƙarfe goma na safe, ga shi la'asar ta wuce ba a kawo ba. Rediyon Baba mai batir ya ce ba unguwarmu ba ce kaɗai, duk yankin ne, kuma gyaran zai ɗauki kwanaki. Ba su faɗi nawa ba.

Ni ƙwaina nake tunani. Ƙwan 'yan aji biyu ne, guda goma, muka sa su a na'urar ƙyanƙyasa ranar ƙarshe ta Satumba, don haka kwanan wata shi ne kwanan ƙwai: yau sha huɗu, saura bakwai. Da aka ba da hutun tsakiyar zango na ɗauko na'urar na kawo gida, na ce a makaranta wa zai kula. Kowane ƙwai akwai zanen masu shi da fensir, tauraro, kifi, ƙwallo. Yarinyar da nake kira 'Yar Tambaya ta bi ni har bakin ƙofa tana tambaya ko na tabbata ba za su mutu ba. Na ce na tabbata. Har da ɗaga hannu, ni sarkin alkawari.

Na lulluɓe na'urar da bargo. Ma'aunin zafi ya sauko zuwa talatin da uku. Talatin da bakwai da rabi ake so.

Lif ya mutu. Mu a hawa na bakwai, Baba a keken marasa lafiya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Famfo ya ƙafe, injin da ke tura ruwa sama shi ma wuta yake ci. Waya ba sabis. Matar da ke zuwa kula da Baba da rana ba ta zo ba, ba abin hawa. Ba zan iya barinsa fiye da minti ashirin ba, tun faɗuwar da ya yi a banɗaki. Don haka jarka ɗaya, a guje, in sauka in hau. Matakala ɗari da goma sha biyu. Na ƙirga.

Na yi dabara irin ta littafi: na tafasa ruwa a gas, na cika kwalabe biyu, na sa su cikin kula tare da ƙwan, na rufe. Har na ji daɗin kaina, na ce wannan darasi ne guda idan an koma. Sai na tafi yi wa Baba atisayen hannu. Wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma kullum sai mun yi: matsa ƙwallon roba sau ashirin, ina ƙirgawa, ina cewa madalla Baba, saura biyar! In ya gama in zana masa tauraro a jadawalin da na rataye a bango. Yau ya matsa huɗu ya saki ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado. Ya ce, "Malama, a tashi aji."

Tun da ya kwanta yake ce min Malama. A da Uwata yake cewa.

Da na koma na buɗe kular, ma'auni na kan arba'in da uku. Na dafa su. Ni da nake koyar da wannan abu shekara tara.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, don nan ne kaɗai ke da duhu da rana, na haska ƙwan da tocila ɗaya bayan ɗaya. Uku da suka jingina da kwalba ba motsi. Bakwai suna motsi. Na tauraro, na 'Yar Tambaya, yana cikin bakwan. Na zauna a bakin baho na yi kuka, ba don ƙwai kaɗai ba ina jin.

Tukunyar gas ta yi sauƙi, da hannu ɗaya nake ɗaga ta. In na ci gaba da tafasa ruwa duk bayan awa biyu, jibi ba na dafa wa Baba komai. Kuma ruwan ma daga ƙasa nake hawowa da shi a kai.

Ina tsakiyar lissafi da ƙarfi a falo, ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya, Baba ya buga hannun kekensa. Ya tambaye ni zafin jikin mutum nawa ne a wannan ƙarfen nawa. Na ce talatin da bakwai. Ya ce to shi me yake yi tun safe har dare in ba zama ba.

Na fara masa bayani, cewa zafin fata bai kai na ciki ba, ga batun danshi, ga juyawa sau uku a rana. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Kazar da ta yi ƙwan nan aji nawa ta yi?"

Ya sa na ɗauko masa akwatinsa na kan durowa. Shekara arba'in yana ɗinki, amma tun da abin ya same shi bai yarda an buɗe akwatin nan a gabansa ba. Almakashi, alli, tef, zare. Ya sa na yanka tsohuwar singiletinsa da wani ƙyallen tawul, ya ce ɗamara za mu yi mai aljihu bakwai, ƙwai a kowane aljihu, tawul ta waje, yadi mai laushi ta wajen fata. Ni ke riƙe da allura, shi ke ba da umarni. Sau uku yana sa ni warwarewa. Ya ce ɗinkina kamar sawun mashayi, ya ce in da almajiransa na shago ne suka kawo masa wannan da sun kwana ba abinci. Ya ce digiri biyu, kalmasa ta gagara.

Yadin yana zame min. Ban roƙe shi ba. Na dai ga hannun daman nan ya taso daga cinyarsa a hankali ya danne bakin ƙyallen. Na ƙura wa allura ido, na cije leɓe don kar madalla ta kuɓuce min.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Talatin da shida da ɗigo takwas a ƙarƙashin rigar sanyi da bargo, da kwalbar ruwan ɗumi ɗaya a gefe. Gas kaɗan yake ci. A kishingiɗe ya kwana, na tare shi da matasai ta ko'ina.

Wata nas da ke zaune a hawa na biyar ta hawo duba hawan jininsa. Da ta ɗaga bargo ta ga ɗamara sai da ta dafa bango don dariya. Ta ce Baba wata nawa ne cikin, a ina ake awo? Ya ce mata bakwaini ne, 'yan bakwai kuma, ta shirya kayan aiki. Na manta rabon da in ji ya mayar wa wani magana.

Ta ce a asibitinsu janareta ɗaya ya rage, gidajen mai duk a rufe. An ce a ƙara hutun makarantu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na zubar da duk abin da ke firij. Ɗakin girki yana wari, matakala na wari, kowa ya ajiye shararsa a bakin ƙofa. Ƙafafuna sun kumbura. Na tsaya a taga na fi rabin awa ina kallon mutane a ƙasa suna tafiya inda suka ga dama, har da wani mai yawo da hannu a aljihu, ba jarka, ba komai. Na ji haushinsa kamar ya zage ni.

Ina kewar ajina. Hayaniyar ma. Na tarar da kaina ina yi wa tukunya bayanin tururi.

Shi ke juya ƙwan yanzu, safe da rana da yamma. Da hagu yake ciro kowanne, ya ɗora a tafin dama, ya mirgina, ya mayar. Yana ɗaukar minti goma sha biyar, ni da minti ɗaya ya ishe ni. Na zauna a kan hannuwana don kar in taya shi. Yau ce ranar ƙarshe ta juyi, daga gobe sai a bar su su daidaita kansu.

Ban taɓa ƙwallon roba ba tun Laraba. Tana nan ƙarƙashin gado.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na yi masa tsawa. Ya ƙi wanka don kar ƙwai su huce, na ce shi ba kaza ba ne, mutum ne mara lafiya, kuma ni ce zan sha wahala in ƙuraje suka fito masa a baya. Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Na san ko ni mene ne. Kullum kina rubuta min a bango."

Na ɗaura ɗamarar a cikina ya yi wanka. Ba mu ƙara magana ba.

Suna da ɗumi. Ban zata ba. Ɗayan har na ji kamar ya motsa.

Litinin, 20 ga Oktoba

An kawo wuta da azahar. Gaba ɗaya benen ya ɗauki ihu, firij ya yi tari ya tashi, famfo ya tofo jan ruwa. Wayata ta cika da saƙonnin iyaye, rabi duk tambayar ƙwai. Mahaifiyar 'Yar Tambaya ta ce yarinyar ta hana su sakat.

Na jona na'urar a ɗakina. Lafiyarta ƙalau. Cikin minti arba'in ta kai talatin da bakwai da rabi cif, ga tiren ruwa don danshi, ga komai yadda littafi ya ce. Kwanakin ƙarshen nan su ne masu haɗari, in iska ta bushe fatar cikin ƙwai takan manne wa tsako ya kasa fita. Na sani. Na koyar.

Na fito falo in karɓi ƙwan. Yana zaune, ya kife hannuwansa biyu a kan bargo, yana kallon fankar sama tana juyawa. Bai dube ni ba. Ya ce to an sallami ma'aikaci ke nan. Ya fara laluben igiyar ɗamara.

Na ce masa na'urar ta ƙone, ƙarfin wutar da aka kawo ne ya yi yawa.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ƙwan ba nawa ba ne da zan yi caca da su. Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na sa a gefen ɗamara.

Lif yana aiki. Na sauka har bakin titi, na tsaya, na rasa inda za ni, na dawo.

Talata, 21 ga Oktoba

Kwana ashirin da ɗaya. Shiru.

Sau huɗu ina shiga ɗaki ina kallon na'urar, a kunne, ba komai a ciki. Sau ɗaya har na fito da niyyar faɗa masa gaskiya. Na tarar ya sunkuyar da kai cikin bargo yana wani ƙus ƙus da harshe, irin kiran kaji. Na koma.

Na rubuta abin da zan gaya wa 'yan aji ranar Litinin, na yaga. Na sake rubutawa: wani lokaci a kimiyya gwaji yakan ƙi. Ƙarya ce. Gwajin bai ƙi ba, ni ce na zaɓa.

Laraba, 22 ga Oktoba

Da hantsi ya kira ni, ba da ƙarfi ba. Ya ce in kawo kunnena. Na durƙusa na kara a cikinsa kamar Nas, sai na ji: tsiy, tsiy, can ciki. Na kifi ya huda. Bayan awa ɗaya na ƙwallo.

Hannuna ya kai zan ɓare masa ɓawon in taimaka, Baba ya buge min yatsu. Da hannun dama ya buge ni, kuma da zafi. Ya ce in bar shi ya yi abinsa, ba kowane mai fama ne ke son a ƙirga masa ba.

Zuwa la'asar huɗu sun fito, jiƙaƙƙu, munana, kamar an tsamo su daga miya. Biyu shiru, na haska, sun tafi. Na tauraro ya huda tun azahar ya tsaya, sai baki kaɗai ke leƙowa. Muka zauna muka sa masa ido, ni a ƙasa, shi a keke. Gab da magariba ya tsage gida biyu ya faɗo a tafin Baba.

Biyar cikin goma. Na aika wa mahaifiyar 'Yar Tambaya hoto.

Ina tattara ɓawo ya ce, "Uwata, 'yan nan suna son ɗumi su bushe. Kai su cikin na'urarki da ta ƙone. Tun shekaranjiya nake jin ƙuginta."

Alhamis, 23 ga Oktoba

Matar da ke kula da shi ta dawo. Zan iya fita yini guda in na so. Ban fita ba, akwai gugar da ta taru.

Nas ta hawo barka, ta ce ina mai jego. Ya ce mata a sa ranar suna.

Ranar Litinin zan mayar da tsakin makaranta. Ya ce kwali ba zai yi ba, iska za ta buge su a hanya, a sa su a kwando a ɗinka masa riga. Ya ce ba ni zan ɗinka ba, ya ga aikina. Ni dai in zura masa zare. Tun safe yake kan gefe ɗaya, ɗinkin ya karkace, ya warware sau biyu yana zagin allura. Ina zaune ina gyaran takardun jarrabawa, ban ɗaga kai ba.

Na cire jadawalin taurarin nan daga bango. Ƙusar nake bukata, zan rataya ɗamarar.