Babu Sauran Baya a Tungar Gishiri

Jidda, 20 ga Shawwal, 1392

Zuwa ga Yaya Rabi'atu, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Yahya da yara baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi. Mai ɗakina Zakiya ta sauka lafiya bayan ƙaramar sallah, an samu mace, an raɗa mata Bashira. Ɗanki Othman, yaron wajena, ya shiga aji huɗu, Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa zai ji ki sarai amma da Larabci zai amsa. Aiki ma ya yi albarka. Ni da kika bari ina tura amalanke a lungunan Balad, tsohon garin Jidda, yau manyan motocina ke jigilar siminti da sunana a jikin ƙofa, kuma ba wanda ya ɗaga ni sai Allah da gumina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar Inna ce. Makon jiya iskar kudu ta taso, azyab ɗin nan da kika sani, ta turo teku har cikin Tungar Gishiri. Kin tuna yadda ake yi muna yara. In ruwa ya ci ƙasa, gari na wayewa sai a buga gwangwani, maza su taru su ɗauki jinkar kowane ɗaki a ka, mata na guɗa, a ja baya zuwa tudu a sake kafawa, a sha kunu a watse. Ɗakin da aka haife mu ya sha tafiya a kan mutane. Baba Na'ibi, dattijon tunga, yakan ce tun da kakanninmu suka gama hajji guzirin komawa ya gagara suka zauna ƙwalfar gishiri a bakin tekun nan, tungar ke ja da baya kamar rago, sai dai ita ba ta taɓa dawowa ta yi karon ba.

To Yaya, yanzu babu baya. An ja shingen waya na filin masana'antu daidai inda tudun yake. Itatuwan shura da ke tsaye cikin ruwa suna tare mana igiyar teku, raƙuma da masu gawayi sun gama da su. Ramukan gishirin mahaifinmu sun zama gidan kifi, rijiya ta yi zartsi. Samari duk sun shigo gari, mazan da suka rage ba za su iya ɗaga jinka ɗaya ba. Da na isa da mota, na tarar da Inna a kan gado ta tanƙwashe ƙafa, ruwa ya shanye tabarma, tana tsince shinkafa kamar ba abin da ya faru.

Na ce mata yalla, maza ta tashi, na gina mata ɗaki a saman gidana, ga famfo ga fanka. Ta ce ita ba tantabara ba ce da za a rataye ta a sama. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ce wai tun ina yawo ba wando take zaune da ruwan nan, in tafi in yi wa direbobina tsawa. Sai da Baba Na'ibi ya ja ni gefe ya faɗa mini tushen abin. Ashe ranar da aka raka ki jirgin ruwa kina amarya kina ta kuka, Inna ta rantse miki cewa duk ranar da kika dawo, a tungar nan za ki same ta. Alkawarin nan take riƙe da shi duk shekarun nan. Da na tambaye ta ba ta musa ba, ta ce alkawari kaya ne, kuma wadda ta ɗora mata ita kaɗai za ta sauke.

Na ce halas, shi ke nan, zan rubuta miki ki aiko da amsa. Ta ce takarda ba ta da murya, kuma ni ne zan karanta, ta san halina, zan cusa nawa a ciki.

Ke shaida ce ban saba roƙon kowa ba, amma yau ina roƙonki. Masunta sun ce azyab na bana bai gama ba, babban yana gaba. Wanda zai miƙa miki takardar nan, Abdulwahid, Bahaushen Sudan ne mai aiki a jirgin da ke zuwa wajenku, mutumin kirki ne, na riga na shirya da shi ya tanadar muku wuri ke da Malam. Kada ki jira jirgin alhazai. Zumunta a ƙafa take. Na ajiye mota ɗaya a bakin shingen, a cikinta nake kwana. In ruwa ya riga ki isowa zan sungume ta ko tana zagina, amma na fi so ta fito da ƙafarta, hannunta cikin naki.

Ki gaishe mini da Malam Yahya da kyau, da Hamad da Saudatu, da Gwaggo Mastura in kun haɗu. Zakiya da yara suna gaisuwa, Baba Na'ibi ma haka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya kwantar da teku har ki ƙetaro.

Ƙaninki,
Abdulghaffar