Na Fesa wa Tsofaffin Tukwanen Gas Fenti, Goma Suna Kicin ɗin Amare

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma sunayen da zan ambata ma na canza su. Ina bibiyar shafin nan, na san halinku, mutum bai gama faɗin damuwarsa ba kun riga kun jefa shi wuta. To ni ku bari in kai ƙarshe tukuna. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina, shawara na zo nema.

Ni magidanci ne, shekarata hamsin da uku, a Tudun Wadan Zariya aka haife ni, a nan nake har yau. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Sama da shekara ashirin ina fentin mota, har ƙirjina ya lalace likita ya ce in bari ko in mutu a kai. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su a firamare yanzu suna wucewa ta gabana a motocin da ni na fesa, ko gilashi ba sa saukewa. Da na bar gareji sai na buɗe ɗan shagon kayan kicin, kuloli da tukwane da risho da tukunyar gas. Yawancin masu sayena iyayen amare ne masu haɗa kayan ɗaki, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da uwar amarya ya san abin da nake nufi. Komai sai ya yi ƙyalli, komai sai ya fi na 'yar maƙwabciya, amma kar ya yi tsada. Yanzu kuma yayin da ake yi shi ne kicin ɗin amarya kala ɗaya, in ruwan hoda ne har cokali ruwan hoda. Wata rana wata Hajiya ta tsaya tana hararar tukunyar gas ɗina, ta ce ita kaɗai za ta ɓata mata jere, ina ma akwai ruwan hoda. Na ce ta dawo jibi. Na ɗauko tsohon injin feshina na fesa mata, ta zo ta gani ta rangaɗa guɗa a bakin shago. Daga nan labari ya bazu, mata daga Kwangila, daga Dutsen Abba, har daga ƙauyuka, kowa da marfin kularta a jaka a matsayin samfur. A lokacin, Allah ne shaida, sababbi nake fesawa.

Kar ma in ce ban sani ba, na sani. Akwai ranar da ma'aikatan hukumar duba ingancin kaya suka zo layinmu suka tara mu. Wata yarinya mai riga da hular aiki, sa'ar 'yata ta fari, ta ɗora tukunya a kan tebur ta nuna mana inda ake buga shekarar ƙira a jikin mariƙin. Ta ce tukunya tana da wa'adi, in ya cika ba a sayarwa, ba a cikawa, yanka ta ake yi. Ta ce haƙƙi ne a wuyan mai shago ya san abin da yake sayarwa, in kuma ya gano ya sayar da mai matsala, dole ya bi ya karɓo. Ni ne ma na ba mutane dariya ranar, na ce 'yata, tukunyar ƙarfe ce ko madarar gwangwani? Aka kwashe da dariya, ta naɗe takardunta suka shiga mota mai sanyi suka tafi. Na ce a raina, masu albashi, me suka sani game da shago?

Bara kaya suka yi tsada, mata kuma ba su fasa cewa Malam rage mana ba. Sai wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da na sani tun zaman gareji ya kawo min tukwane goma sha huɗu a bayan a-kori-kura. Bai ɓoye min komai ba, ya ce an ƙi cika su ne a wajen sayar da gas, yanka za a yi. Na juya su na ga gindinsu ya ci tsatsa, wasu har sun yi ramuka ƙanana kamar fuskar mai zanzana. To ni da na yi shekara ashirin ina mayar da motar da ta yi hatsari sabuwa? Na gurje shekarar da ke jikin mariƙi, na cike ramukan da filar da muke shafa wa jikin mota, na goge sumul, na fesa, na sa a leda. Wallahi har alfahari na ji da hannuna. Na ce wa kaina fenti ai kariya ce, ƙarfe ne, me zai same shi? Amma 'yata da ta ce Baba a kawo mana shuɗiyar nan gida, tsawa na daka mata na ce ta gidan ba ta ishe ku ba ne? Matata ta daɗe tana kallona ranar. Ku gaya min, mutumin da bai san yana laifi ba zai hana a kai kayansa gidansa?

Sha ɗaya na sayar. Ɗaya daga ciki Malama Rifkatu ce ta saya. Tsohuwar malamar firamare ce a unguwarmu, ta yi ritaya, ita ta koya wa 'ya'yana huɗu karatu, da na ukun ya yi ta faɗuwa jarrabawa a barandarta take zaunar da shi bayan ta dawo daga coci, ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Autarta Saratu ce za ta yi aure, tela ce, a gabanmu ta girma, Baba take ce min. Malama ta zo da marfin kula ruwan ƙwai. Na miƙo mata tukunyar, ta shafa ledar, ta tambaye ni ko sabuwa ce. Na ce sabuwa fil, har da rantsuwa. Sai ta ce, “Malam, ni itace na sani da risho, ban san gas ba. Kai na sani.” Na ɗora mata a keke da hannuna, har na ce wa mai keken ya bi a hankali kar fentin ya karce.

Wata huɗu da bikin, da hantsi, Saratu ta shiga kicin a gidanta na Kwangila za ta ɗora girki, ta ƙyasta ashana, wuta ta tashi daga ƙasa. Maƙwabta suka kashe da yashi da jiƙaƙƙen bargo, Allah ya sa tukunyar ba ta fashe ba. Amma hannayenta biyu sun ƙone, da gefen fuskarta zuwa wuya. Tela, hannu biyu. Kafin yamma dangin mijin sun gama yanke hukunci, wai sakaci ne, wai ta bar kan gas a buɗe tana danna waya, 'yar da aka shagwaɓa ba a koya mata kicin ba. Ita ma da ta farfaɗo ta ce ba ta tuna ba, ƙila haka ne. Kowa ya yarda, don wa zai zargi tukunya sabuwa mai ƙyalli?

Na je dubiya asibiti cikin 'yan unguwa, da lemo a leda kamar mutumin kirki. An naɗe mata hannu har gwiwa. Da ta gan ni sai ta yi ƙoƙarin tashi zaune, ta ce, “Baba ka yi haƙuri, na lalata maka kyakkyawan aikinka.” Ni ta ba haƙuri. Na ce ba komai 'yata, Allah ya sawwaƙe, tsautsayi ne. Na fito na tsaya jikin katanga. Kuna tsammanin daga nan gaskiya na je na faɗa? Gidanta na wuce. Na sami mijin yana share toka, na ce ya ba ni tukunyar in duba masa, kar a bar ta a gida. Har godiya ya yi min, ya kama min muka ɗora a acaɓa. Da na kai shago na kifa ta, filar ta ɓamɓare daga gindi, ga rami nan da tsinken ashana zai shiga. Na tura ta bayan kwalaye. Ukun da suka rage na kai aka yanka a ranar.

Saura goma. Goma suna kicin ɗin 'ya'yan mutane yanzu da nake rubutun nan, ana ƙyasta ashana kusa da su safe da rana da yamma. Shida na san gidajen iyayensu, huɗu kuwa mata ne daga ƙauye, ko sunansu ban riƙe ba. Na gwada dabara. Na ɗauki sabuwa ta gaske na je Dutsen Abba wajen wata Hajiya da ta saya wa 'yarta, na ce kamfani ne ke musanya kyauta. Ta dubi wadda na kawo ta taɓe baki, ta ce wannan mai kalar motar kwashe shara za a kai wa 'yarta? Na ce zan fesa mata kalar da take so. Ta ce to me ya sami waccan, in lafiyarta ƙalau? Ta ce kyautar ɗan kasuwa ba ta zuwa haka kawai, bari ta kira surukin nata, ɗan sanda ne, ya ji wane kamfani ne. Na ce kar ta wahalar da shi, zan dawo. Ban koma ba. Na gane ba mai sakin kayan ɗakin 'yarsa sai an faɗa masa dalili, dalilin kuma shi ne abin da ba na iya furtawa.

Ina jin haushin kowa, ba zan ɓoye muku ba. Ina jin haushin ɗan gwangwan da ya kawo min su, yana can yana harkarsa. Ina jin haushin matan da ba sa tambayar komai sai kala. Ina jin haushin masu cika gas da suke cikawa ba sa ko ɗaga tukunya su dubi gindinta, da hukumar da ta zo sau ɗaya ta yi mana wa'azi ba ta sake waiwayo ba. Amma in na gama zagaye da haushin, wa ya gurje shekarar? Wa ya rantse wa Malama? Ba wanda ya riƙe min hannu.

In na fito na faɗa, na san abin da zai biyo baya. Za a rufe shagon, ƙila a kulle ni, kuma a Tudun Wada labari ba ya kwana. 'Yata ta biyu an sa ranarta bayan Sallah, wane gida ne zai karɓi 'yar mutumin da ya ƙona amarya? Ga unguwarmu da Musulmi da Kirista muke zaune lafiya, ba na so wasu marasa aikin yi su juya maganar su ce da gangan na ba ta, alhali tara daga cikin goman nan 'ya'yan Musulmi ne. In kuma na yi shiru, azumi ya kusa, lokacin da kowace amarya take cika tukunyarta fal ta wuni a kicin. Duk motar kashe gobara da ta wuce da jiniya sai in fito bakin titi ina kallon inda ta nufa. Na yi tunanin in sa liman ya yi sanarwa ba tare da suna ba, to wa ke fesa wa tukunya kala a Zariya in ba ni ba? Na ɗauki muryata a waya sau uku zan tura zauren WhatsApp na 'yan unguwa, sau uku ina gogewa.

Shekaranjiya Malama Rifkatu ta zo shagona. Ta rame, ta zauna a kan benci. Sannan ta ce an sallami Saratu, tana gidan ita Malamar, yatsu uku na hannun dama ba sa lanƙwasuwa, ba a san ko za ta sake riƙe almakashi ba. Uwar mijin ta ce ba za ta koma ɗakinta ba sai ta yarda a gaban dangi cewa sakacinta ne ya kusa ƙona musu gida, ta nemi gafara. Yarinyar ta amince za ta yi, ta daina cin abinci, tana ta cewa ita ta jawo wa kanta. Malama ta ce ita dai zuciyarta ta ƙi kwanciya, don ta san 'yarta, tun tana ƙarama ba ta barin ko murfin kwalba a buɗe. Ta ce mijin ya faɗa mata tukunyar tana wajena. Ta dube ni ta ce, “Malam, kai ka san kayan nan. Ka duba min tsakaninka da Allah, laifin yarinyar nan ne? In ka ce nata ne, zan kai ta da kaina ta durƙusa.”

Tukunyar tana bayana, taku uku daga inda take zaune. Na ce mata ban samu na duba ba tukuna, ta dawo ranar Litinin. Ta yi min godiya, ta sa min albarka, ta tafi.

Yau Asabar. In na ce mata laifin Saratu ne, yarinyar za ta durƙusa da ƙonannun hannuwa ta nemi gafarar abin da ni na yi, goman nan kuma su ci gaba da zama inda suke. In na juya mata gindin tukunyar ta gani, kafin la'asar duk Tudun Wada ta ji, gidana ya rushe, amma ƙila har matan ƙauyen nan huɗu labari ya kai musu. Wanda ya san doka ya gaya min, in na kai kaina hukuma kafin a zo a kama ni, akwai sassauci? Malamai su gaya min, akwai tuban da zai karɓu ina riƙe da bakina? Jibi da safe matar nan za ta zo ta zauna a kan bencin nan ta jira amsata. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?