Ramar 'Ya'yanmu a Makarantar Kwana

Zuwa ga Baturen Makaranta,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kana lafiya. Bayan haka, ni masunci ne a ƙasar Auyo, uban Habu, ɗaya daga cikin yaran da hakimi ya ɗiba aka kai makarantar kwana. Ban yi gardama ba. Ni da kaina na tuƙa shi a kwalekwale har gaɓar Haɗeja. Na sa an rubuta wannan takarda don kowa ya gani, domin abin ya wuce gidana.

Na farko, na ba ku yaro kakkaura mai taya ni jan koma. Hutun farko ya dawo ya ɗan faɗa, na ce kewar gida ce. Hutu na biyu mazagin wandonsa sai ya zagaya shi sau biyu. Wannan karon kuwa, yana saukowa daga jirgi, gurun da kakarsa ta ɗaura masa tun yana ƙarami ya zame daga ƙugunsa ya faɗi a kan yashi. Tsohuwar ta tsince shi, ta dubi yaron, ta koma gida tana share hawaye da bakin zane.

Na biyu, ba Habu kaɗai ba ne. Ranar kasuwa na haɗu da iyaye daga Guri da Kaugama, labarinmu ɗaya, kuma yaran da suka fi daɗewa a can su suka fi ramewa. Habu ya gaya mini malamin asibiti yakan zo ya ɗora su a sikeli, ya zagaya musu ƙugu da igiyar awo, ya tafi. Ashe ke nan an san halin da suke ciki, ranka ya daɗe. Me aka yi bayan awon?

Na uku, koko tsararo suke sha da safe, sannan a kai su fareti da noman gonar makaranta, sai tuwon dawa da miya ba mai. Uwar Habu ta aika masa da bandar kifi da shinkafar fadamarmu, aka dawo da su daga bakin ƙofa, wai doka ta hana abincin gida.

Yanzu dogari ya zo ya ce in hutu ya ƙare ban mayar da shi ba, za a kai ni gaban alƙali. Abin da ya fi ci mini rai, yaron yana son karatun. Shi ke roƙona in mayar da shi.

Ina roƙonka ka ƙara musu abinci, ka rage musu aiki, ka kuma bar mu mu aika wa 'ya'yanmu abin da Allah ya hore mana daga kogi. Zan mayar da Habu, amma ka sani amana ce, kuma akwai ranar da za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo.

Allah ya ja zamaninka, ya sa maka tausayin na ƙasa.

Wassalam.

Garba, uban Habu.